Kwando Ɗaya na Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafa a jiƙe.

Ta zo mu ji ta, mu ba ta wuri kusa da wuta.

To, ku matso. Na baya ya daina tsokanar na gaba.

An yi wani saurayi ana ce da shi Tunau, mutumin Tungar Fara. Tunau irin mutanen nan ne masu ƙaiƙayin ƙafa. Tun gemu bai tsiro masa ba ya bi ayarin fatake ya tafi. Ya yi dako a wani gari, ya yi su a wani, ya yi kiwon raƙuman mutane a wani. Duk inda ya sauka, da ya fara gane muryar zakaran unguwa, sai ya ji garin ya ishe shi, ya naɗe tabarma. Shekaru suka tura. Ran nan dai, ba da wani dalilin da shi kansa zai iya faɗa ba, ya juyo ya nufo gida.

Ita kuwa Tungar Fara a gindin wani farin dutse take. A jikin dutsen akwai kogo, a bakin kogon mata ke haƙar farar ƙasa ta shafen ɗaki. Sa'ad da Tunau ya tafi, garin fari ne fat, har yana kashe ido da hantsi. Da ya dawo, sai ya tarar da bango duk ya dafe, mutane na ta ɗaure kaya. Rijiyar garin, ita kaɗai tal, ta ƙafe. An yi yasa, an ƙara zurfi, ba a tarar da komai ba sai busasshen dutse. Mata na sammako zuwa wani tafki mai nisa, su dawo da rana tsaka da ruwa ja wur. Mai gari ya yanke magana: da an ga sabon wata, kowa ya tashi.

Tunau ba shi da kowa a garin sai kakarsa Tabawa. Ya same ta a ƙofar ɗaki tana kaɗi.

Ya ce, "Salamu alaikum. Tsohuwa, mai gidanki ya dawo."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Wane mai gidan? Wanda ya fita sayo gishiri tun ina da haƙora? Ina gishirin?"

"Ya narke a hanya."

"Na ga alama. Kai ma ka narke."

Ya zauna yana jira. Ta ci gaba da murza mazarinta. Ku sani, a Tungar Fara ba a yi wa matafiyi sannu da zuwa sai an miƙa masa ruwan rijiyar gari ya sha. Haka suka gada.

Da shirun ya yi yawa ya ce, "Kaka, ko sannu da zuwa babu?"

Ta ce, "Da wane ruwan? Na tafkin can ruwan aro ne, ba a tarbar ɗa da shi. Ba ka iso ba tukuna, Tunau. Jikinka ne ya riga ka zuwa."

Ya duba ɗakinta, bai ga ƙulli ko ɗaya ba. Ya ce, "Ke ba ki shirin tashi?"

"A nan aka binne cibiyata, a nan za a binne sauran."

"In kowa ya tafi, wa zai ɗebo miki ruwa?"

"Wanda yake ɗebo wa bishiyar kuka."

Tunau ya san kakarsa. In ta kafe, ko jaki ya sallama mata. Ya san kuma in gari ya watse, ƙishirwa ce za ta kashe ta a ƙofar ɗakin nan. Ya yi ta juya abin a ransa, har ya tuna wani abu. Yana ƙarami, in ya raka mata haƙar farar ƙasa, yakan kara kunne a ƙasan kogon, ya ji wani abu na gunaguni can ƙasa, kamar tsoho na lazimi.

Da gari ya waye ya rataya gora, ya ɗauki fitilar acibalbal da guntun gawayi. Zai fita, Tabawa ta turo masa wani tsohon kwando da ƙafa.

Ya ce, "Ruwa zan nema. A ina kika ga an ɗebi ruwa da kwando?"

Ta ce, "Kwando ɗaya na ɗaki, kwando ɗaya na dutse. Da can, duk macen da za ta haƙi farar ƙasa, sai ta fara cika kwando da tarkacen duwatsun da haƙa ta zubar, ta kai gindin kukar bakin gari, sannan ta koma ta ɗauki nata."

"Don me?"

"Oho. Ban tambayi uwata ba, ita ma ba ta tambayi tata ba. Ni dai na yi har gwiwa ta ƙi. 'Yan yanzu sun ce wahalar banza ce."

Don kada ranta ya ɓaci, ya saɓa kwandon ya tafi.

Ya wuce inda mata ke haƙa, ya wuce inda hasken rana ke ƙarewa. Hanya ta tsuke, ya sunkuya. Ta ƙara tsukewa, ya yi rarrafe, yana tura kwando a gaba. Duk inda hanya ta rabu sai ya ja zane da gawayi a farin bango, don ya gane hanyar komawa. Can sai ya ɓulla wani ɗaki da ya fi zauren mai gari girma. Ya ɗaga fitila. Duwatsu na reto daga sama kamar nonon shanu, kowanne da ɗigon ruwa a bakinsa. Daga ƙasa wasu sun taso suna miƙa wuya. A wani wurin na sama da na ƙasa sun haɗu sun zama ginshiƙi. Tunau ya tsaya yana kallo. Ya ce a ransa, waɗannan ba su taɓa zuwa ko'ina ba, ɗigo-ɗigo suka yi ta jira har suka sadu.

Sai ya ji murya daga sama: "Wane ne mai wuta? Baƙo ne ko ɗan gari?"

Jemage ne, yana rataye kai ƙasa.

Tunau ya ce, "Ɗan gari ne."

Jemage ya ce, "Ɗan gari? To, ruwan rijiyarku daga ina yake zuwa?"

Tunau ya sosa ƙeya.

Jemage ya ce, "Ka gani. Kun sha, iyayenku sun sha, ba wanda ya taɓa zuwa ya gaishe shi. Ni ake cewa ina kallon duniya a kife. Wuce. Bi inda sanyi ke fitowa."

Ya bi sanyi. Ƙasa ta fara santsi, bango ya fara gumi. Ya gangara, ya gangara, har fitilarsa ta haska wani abu baƙi mai faɗi, shimfiɗe ba motsi. Ya jefa tsakuwa, ya ji cuɓul. Ruwa ne! Tafki guda a cikin dutse, ba a ganin ƙarshensa. Ya durƙusa ya sha, sanyin ya sauka har tafin ƙafarsa.

Sai ya ji murya daga gefe: "Wane ne mai sha? Baƙo ne ko ɗan gari?"

Ƙaguwa ce. A zamanin nan ƙaguwa ba haka kuka san ta ba. A dunƙule take kamar tulu, tana tafiya gaba gaɗi kamar kowa.

Tunau ya tuna yadda suka yi da jemage. Ya ce, "Baƙo ne."

Ƙaguwa ta ce, "Madalla! Ni baƙo nake so. Baƙo ba ya wahala: ya sha, ya cika gora, ya yi gaba. Ka ga ƙafar nan taka? Ƙafar manyan hanyoyi ce, ba ta ƙauye ba. Dubi can hagu."

Ya duba. Can nesa ya hango ɗan haske kamar tauraro.

Ta ce, "Wannan hanyar bayan dutse take ɓullewa. Akwai garuruwa a can da ko fatake ba su san sunansu ba. Koguna, kasuwanni, kiɗan da ba ka taɓa ji ba. Je ka gani. Garinku ai ya riga ya mutu, jana'iza ce ta rage."

Wata iska ta buso daga wajen hasken, da ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa. Ƙafar Tunau ta fara ƙaiƙayi. Ya ce a ransa, leƙawa kawai zan yi. Ya nufi hasken. Hanya ta tsuke, ya karkata ya shige. Kafaɗa ta wuce, gora ta wuce, kwando ya ƙi. Ya ja, ya ƙi. Ya juya shi, ya ƙi.

Ƙaguwa ta ce daga baya, "Yar da shi mana! Tsohon kwando ne, ba komai a ciki."

Tunau ya tsaya, rabinsa a can, rabinsa a nan. Ya bar abubuwa da yawa a duniya. Ya bar tabarmi, ya bar abokai, ya bar masu gidan da suka riƙe shi kamar ɗa, bai taɓa jin nauyin ko ɗaya ba. Yau ga kwando ba komai a ciki, ya gagare shi saki. Ya ga ƙafar tsohuwar nan, busasshiya, tana turo masa shi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja da baya.

Ƙaguwa ta yi tsaki, ta nutse.

Ya bi gefen ruwan ta dama, yana dafa bango, ruwa na kai masa gwiwa, yana kai masa ƙugu. Can wani abu ya gogi ƙafarsa.

Murya ta ce, a hankali, "Wane ne mai motsa ruwa? Baƙo ne ko ɗan gari?"

Ya sauke fitila. Wani kifi ne fari sol, ko gurbin ido babu a fuskarsa.

Tunau ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Kifi ya ce, "To, zauna. Wanda bai sani ba shi ake gaya wa magana."

Ya zauna a kan dutse. Kifi ya ce, "Ni ba ni da ido, amma jikina ya san ruwa. Da can ruwan nan tafiya yake. Kullum yana ja na wajen can, inda yake shiga wata kafa ya gangara rijiyarku. Sai jan ya fara rauni. Ran nan ya tsaya cak. Ɗaga wutarka ka duba, ka gaya mini abin da ka gani."

Tunau ya ɗaga. Ya ga tarin duwatsu ya fi tsayin mutum, ya toshe kusurwar tafkin. A samansa akwai wata tsaga, haske na ɗan zubowa ta cikinta. A cikin tarin ya ga guntun ƙotar fartanya, ya ga fasasshen kasko, ya ga dutsen ado na wuyan wata mace. Sai ya gane: a ƙarƙashin wurin haƙar farar ƙasa yake tsaye.

Kifi ya ce, "Ƙaguwa ce ta leƙa ta tsagar nan ta ce wa matanku, 'Don me kuke karya wuyanku zuwa gindin kuka? Ku zubo nan, rami ne ba shi da ƙarshe.' Suka zubo. Ita ruwan take so ya taru ya zama nata ita kaɗai. Amma ruwan da ya tsaya ciwo yake yi, ina ji a jikina. Kai ka kasa tsayawa, shi ya kasa tafiya. Ko za ku yi musaya?"

Tunau ya miƙe. Ya sauke kwando, ya cika shi da duwatsu. Ya cika gora. Ya bi zanen gawayinsa, yana ja, yana turawa, har ya fito. Ya juye kwandon a gindin kuka, a kan tsohon tarin da ciyawa ta rufe.

Ya kai wa Tabawa gorar. Ya ce, "Ga ruwan rijiyarmu, daga gidansa na ɗebo. Miƙo mini, ki yi mini sannu."

Ta karɓa ta sha, don ƙishirwa ba ta san al'ada ba. Ta goge baki ta ce, "Ka taɓa ganin baƙon da ya zo da ruwan tarbarsa a rataye? Na rijiya na ce."

Ya je ya gaya wa mai gari abin da ya gani. Mai gari ya ce, "Ɗana, hanyar da tulu ba ya shiga, ruwanta ba ya riƙe gari. Tarin da aka yi shekaru ana zubawa kuwa, wa zai kwashe?"

Wata mata mai suna Yalwa, mai kaifin baki, ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda bai iya zama ba shi zai koya mana zama? Gobe ma in an neme shi sai a rasa."

Aka yi dariya. Tunau ya ɗauki kwandonsa.

Ya shiga, ya fito. Ya shiga, ya fito. Gwiwoyinsa suka sale, bayansa ya ƙage. Wata na ta ƙanƙancewa, tari kuwa kamar ba a taɓa shi. Ya tambayi kifi. Kifi ya ce, "Kana fita, ƙaguwa na tattaro wasu daga lungu-lungu ta mayar. Kai hannu biyu gare ka, ita kuwa ka ga yawan nata."

Ƙaguwar kuma duk wucewarsa sai ta ce, "Baƙo, hanyar hagu na nan a buɗe." Ƙafarsa kuwa ba ta daina ƙaiƙayi ba. Sai ya danna ta a kan tsakuwa mai kaifi ya wuce.

Wata safiya ya fito da kwando a ka, sai ya ga mutum a ƙasa tsakanin kogo da kuka. Tabawa ce, tana jan gindi, ta riƙe ɗan ƙoƙo cike da tsakuwa.

Ya ce, "Ke tsohuwa! Me kike yi a nan?"

Ta ce, "Na dutse nake kaiwa. Mijina na aiki, ni in zauna a ce ya auri raguwa?"

Daidai lokacin mata suka zo wucewa za su tafki. Suka ga tsohuwa a cikin ƙura. Suka tsaya cak. Yalwa ce ta fara sauke tulunta. Ta ce, "Kaka, kawo." Ta karɓi ƙoƙon, ta juya ta dubi sauran. Ta ce, "Wadda ba ta taɓa zuba tarkace a tsagar nan ba, ta wuce tafki abinta."

Ba wadda ta wuce.

Mata suka kira mazansu. Aka kwance kwandunan da aka ɗaure don ƙaura. Aka jeru tun daga bakin ruwa har gindin kuka, sirara a matsattsen wuri, ƙarfafa a fili, kwando na bin hannu. Jemage ya leƙo ya ce, "Af! Yau 'yan gari sun zo gaisuwa." Suna miƙawa suna waƙa:

Kwando ɗaya na ɗaki,
kwando ɗaya na dutse.
Wanda ya ba ka fari,
kada ka cika masa baki.

Ƙaguwa ta kawo, aka kwashe. Ta kawo, aka kwashe. Ta kawo, ba ta ma sami wurin ajiyewa ba. Da ta ga kafar ta fara bayyana, sai ta ruga ta cusa kanta a ciki, ta kumbura. Ta ce, "Ruwana ne! Ba inda za shi!"

Saura wani babban dutse guda da ya tokare gefen kafar. Tunau ya ce kowa ya hau tudu. Ya sa kafaɗa, ya yi bismilla, ya ture. Kogon ya yi nishi. Ruwan da ya daɗe a tsaye ya tuna hanyarsa. Tunau ya rungumi ginshiƙi, ruwa na fizgar ƙafafunsa. Ya ji kifi na cewa, "Yana ja na! Yana ja na!" kamar mai kuka, kamar mai dariya. Ƙaguwa kuwa, ruwa ya danna ta cikin kafar, ya matse ta, ya tafi da ita ta gefe.

A can gari, mai gari na bakin rijiya, ya zo kwance igiyar guga don tafiya da ita. Sai ya ji ruri a ƙasa kamar hadari ya ɓata hanya. Ya saki guga. Ya ji cuɓul. Ya jawo. Ruwa ne fari kamar nono, a ciki ga ƙaguwa ta baje kamar faifai. Ta faɗo, ta so ta miƙe gaba, ta kasa, ta ruga a kaikaice. Har yau haka take tafiya, kuma har yau in ta ga mutum sai ta shige rami don kunya.

Tunau ne ya fito daga kogon a ƙarshe, fari fat tun daga gashi har ƙafa. Ya tarar da Tabawa a ƙofar ɗaki, ta ajiye ƙoƙo a gabanta tana jira farar ƙasar ta kwanta. Ya zauna. Ba ta yi sauri ba. Da ruwan ya yi garau, ta ɗauka da hannu biyu ta miƙa masa. Ya sha har ƙasa.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Tunau."

Ya ce, "Yauwa, Kaka."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ƙarya kake. Gishirina fa?"

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ga hawaye na zana layi a farar fuskarsa. Ta sa yatsa ta dangwala, ta ɗanɗana. Ta ce, "To, ya isa miya."

Kuna tsammani ƙafarsa ta daina ƙaiƙayi? Ina! Hali zanen dutse ne. Sai dai in ta motsa, yakan saɓa kwando ya nufi kogo. In ya isa bakin ruwa, kifi ya ce, "Baƙo ne ko ɗan gari?" sai Tunau ya fara jefa duwatsu a kwando. Kifi ya saurara, ya ce, "Na ji amsa."

To, yara, in kun tarar da abin da magabata ke yi, ba ku san dalilinsa ba, ku nemi dalilin kafin ku yar. Kuma haihuwa a gari ba ita ce zama ɗan gari ba, sai ka ɗaukar masa kaya.

Ƙurunƙus kan ƙaguwa. Ba don ta tafi a kaikaice ba, da na kamo muku ita ta ba da shaida.